Farautar Tsuntsaye da Kyamara a Sararin Samaniyar Greensboro

Duk wanda ya kwana biyu a jihar Karolina ta Arewa ya saba ganin zanen wani tsohon jirgin sama mai fukafukai hawa biyu a jikin lambar motoci da dama. Jirgin 'yan'uwan nan biyu ne, Wilbur da Orville Wright, wanda ya ɗaga daga rairayin da ke kusa da Kitty Hawk, can bakin teku, ranar 17 ga Disamba, 1903, ya yi sakan 12 a sama, ya ci tazarar ƙafa 120. Mutanen jihar suna alfahari da wannan rana ƙwarai da gaske. To amma abin da ba kowa ya sani ba, musamman mu da muka zo muka tarar, shi ne akwai hannun masu ɗaukar hoton tsuntsu a cikin wannan nasara, kuma tsuntsuwar da aka ɗauka 'yar'uwar shamuwarmu ce.

Ga yadda abin yake. A 1884 wani Bajamushe mai hoto, Ottomar Anschütz, ya yi nasarar ɗaukar farar shamuwar Turai tana tashi tana sauka a sheƙarta, hotuna tar, kowane gashin fiffike a bayyane. Shi kuwa ido ba ya iya bin fiffike. Wani injiniya ɗan ƙasarsa, Otto Lilienthal, ya ga hotunan, suka ƙara masa ƙaimi a nazarin da yake yi, har ya fitar da littafi a 1889 kan yadda tashin tsuntsu zai zama tushen tashin ɗan Adam. Ya ƙera fukafukai ya riƙa ɗaurawa yana faɗowa daga kan tudu, har ranar da iska ta kayar da shi a watan Agusta na 1896, ya mutu washegari. Labarin mutuwarsa na cikin abin da ya ja hankalin 'yan'uwa Wright ga harkar. Shi Wilbur kuwa ungulu ya zauna yana kallo, ya lura da yadda take murɗa ƙarshen fukafukanta idan iska ta karkatar da ita, ya kuma rubuta hakan a wasiƙarsa ga injiniya Octave Chanute a 1900. Wannan murɗawa ita suka kwaikwaya a jikin jirginsu. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza.

A Faransa ma, tun 1882 wani masani mai suna Étienne-Jules Marey ya ƙera kyamara mai siffar bindiga sak, har da kunama, wadda ke ɗaukar hoto 12 a cikin sakan ɗaya. Sai ya saita ta a kan tsuntsu kamar maharbi, ya bi shi da ita. Wato dai tun farkon fari wannan sana'a farauta ce, abin da ya bambanta su kawai shi ne nan babu yanka babu fiɗa.

Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya san ba wasan yara ba ne idan ya ga dattijo da furfurarsa tsaye bakin tafki da sanyin safiya, rungume da kyamara mai dogon hanci, yana bin agwagwa da ita. Jama'armu a Greensboro, waɗanda da yawansu 'yan Nijar ne da suka fara taruwa a birnin tun shekarun 1990, tare da 'yan'uwansu na Najeriya da Ghana, sun fi sanin hanyar wurin aiki da masallaci da gidan suna. Tafkunan da muke shan ruwansu kullum, akwai wanda ya shekara 20 a garin bai taɓa taka bakinsu ba. Alhali kuwa wanda ya tashi a Maraɗi ko Katsina da danƙo rataye a wuya ya riga ya yi rabin karatun: ya san sanɗa, ya san kada inuwarsa ta riga shi isa, ya san inda kurciya za ta bi idan ta firgita.

Birnin da ya fara kare tsuntsaye

Greensboro na da tarihi a wannan fage wanda ya wuce yadda ake zato. A 1891 wani saurayi mai suna T. Gilbert Pearson, wanda ya girma a Florida, ya zo Kwalejin Guilford ba shi da kuɗin makaranta, sai tarin ƙwan tsuntsaye da busassun tsuntsayen da ya tara tun yana yaro. Kwalejin ta karɓi tarin a madadin kuɗi. Daga baya ya zama malami a kwalejin horar da malamai mata, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama jami'ar UNCG ta yau, kuma a nan ne ya kafa ƙungiyar Audubon ta jihar a 1902.

Abin da ya tayar masa da hankali kwalliya ce. A wancan zamani matan Turai da Amurka na yayin hula mai gashin tsuntsu, musamman lallausan gashin da farin zalɓe ke fitarwa lokacin ƙwai, wanda farashinsa ya kai ana kwatanta shi da na zinariya. Maharba kan je har sheƙa su karkashe iyaye, su bar 'ya'yan su mutu da yunwa. A 1903 Pearson ya shawo kan majalisar jihar ta yi dokar da ta bai wa ƙungiyarsa ikon naɗa masu gadin namun daji, irinta ta farko a kudancin Amurka. Daga baya ya shugabanci ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya daga 1920 zuwa 1934. Farin zalɓen da ake gani yana takawa a gefen tafkunan birnin a ƙarshen bazara, jikan waɗanda suka tsira ne. Wasu kuwa ba a kai ga cetonsu ba. Wata tsirya mai launin kore da kai ruwan ɗorawa, wadda ke ɗauke da sunan Karolina, ta ƙare ƙaf a doron ƙasa; na ƙarshenta da ke hannun mutane ya mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1918. Abin da ya rage sai busassun gawarwaki a gidajen tarihi, da zane-zane, da 'yan hotuna ƙalilan.

A nan ya zama dole in ja kunnen 'yan'uwa. A wannan shekara ta 1918 Amurka ta yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, kuma tana aiki har gobe. A ƙarƙashinta laifi ne a kashe ko a kama yawancin tsuntsayen ƙasar, ko a ɗauke ƙwansu, ko a ajiye sheƙarsu a gida, kai har gashin da ya faɗo ƙasa da kansa bai halatta ka tsinta ka adana ba sai da izini. Ita mikiya mai farin kai tana da tata dokar daban tun 1940, mai tsananin hukunci. Don haka wanda ya tsinci gashin shaho ko na mujiya ya ce zai kai gida don wani haɗin magani, ko ya ƙulla wa ɗansa danƙo don tuna baya, to ya san da gwamnatin tarayya yake wasa, kuma wanda zamansa bai gama daidaita ba shi ya fi kowa sanin abin da ƙaramin laifi ke jawowa. Hoto kaɗai za ka tafi da shi gida ba wanda ya ce maka kanzil.

Inda ake zuwa

Tafkuna uku ne a arewacin birnin: Higgins, da Brandt, da Townsend wanda ya fi su girma. Akwai hanyoyin ƙafa da suka bi gefensu cikin itatuwa, har an raɗa wa biyu daga ciki sunan tsuntsaye, ɗaya na mikiya a gefen Higgins, ɗaya na shahon kifi a gefen Townsend.

Wanda zai fara, kada ya fara da mikiya. Ya fara da zalɓe, wannan babban mai launin toka da ke tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Tashinsa a hankali ne, yakan naɗe wuya ya miƙe ƙafafu baya, ya riƙa kaɗa fiffike kamar mai fifita sarki, ga shi ba ya barin garin ko da sanyi. Bayansa sai dinyar Kanada, wadda ta cika kowane fili har ta zama abin ƙorafi, amma ga mai koyo alheri ce, domin kafin ta tashi sai ta yi ta kuka tana kaɗa kai, ta ba ka lokacin shiri. Da hunturu kuma tsuntsayen teku kan taru a Townsend, tare da agwagin da suka gudo daga ƙanƙarar arewa.

Shahon kifi, wanda Turawa ke kira osprey, shi ne gwanin da kowane mai kyamara ke marmari. Daga bazara zuwa kaka ake ganinsa. Yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, sai ya dunƙule ya faɗo da ƙafafu a gaba, ya nutsa cikin ruwa, ya fito da kifi. Daga nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mai hoto ya jira. Na farko, da ya ɗan yi sama sai ya girgije jikinsa kamar karen da ruwa ya doka, ruwa ya watsu cikin hasken rana. Na biyu, sai ya juya kifin kansa ya fuskanci gaba don kada iska ta tare shi. Idan an yi sa'a kuma mikiya na kusa, za ta biyo shi ta matsa masa har ya saki kifin ta cafe. Wannan hali nata na ƙwace ne ya sa Benjamin Franklin ya kushe ta a wata wasiƙa a 1784.

Ita mikiyar, da kyar ta sha. A 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙidaya a jihohi 48 na ƙasar, saboda harbi da kuma maganin ƙwari na DDT da ke sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi ya fashe a ƙarƙashin uwar. An hana maganin a 1972, ta farfaɗo, aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. Wani abin dariya, duk da tana jikin hatimin ƙasar tun 1782, sai a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da ita tsuntsuwar ƙasa a hukumance. Mai koyo ya lura: ƙaramarta ba ta da farin kai sai ta kai wajen shekara biyar, don haka da yawa kan ɗauke ta su ce wani babban shaho ne. Sheƙarta kuma ba a matsa mata. Hukumar namun daji na ba da shawarar a tsaya aƙalla ƙafa 330 daga gare ta lokacin ƙwai.

Yadda ake kama fiffike

Sirrin farko yana ga saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da idonta ke buɗe. Lissafin ba wuya. Tsuntsun da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a sakan guda. Idan kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin 250 na sakan, ya riga ya matsa kusan santimita bakwai, hoto ya fito dishi-dishi. Idan aka mai da ita ɗaya cikin 2000, motsin bai kai santimita ɗaya ba. Shi ya sa masu abin ke farawa daga nan, su rage wa zalɓe, su ƙara wa ƙananan tsuntsaye. Sai dai komai da farashinsa: ƙiftawa mai sauri haske kaɗan take bari ya shiga, dole a buɗe gilashin sosai a kuma ɗaga lambar ISO, ita kuma idan ta yi yawa sai hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. A nawa ganin, gara hoto mai 'yar tsakuwa da idon tsuntsu a fili, da hoto sumul wanda ba a gane kai ba a gane bindi.

Na biyu shi ne rana da iska, kuma wannan ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Tsuntsu, kamar jirgin sama, iska yake fuskanta idan zai tashi ko zai sauka. Saboda haka idan iska na bugun ƙeyarka, kai zai fuskanta. Idan kuma rana ma tana bayanka, to an gama: ga fuska, ga haske. Ranar da iska ke kaɗowa daga gabas da hantsi, ranar mai hoto ce. Ranar da rana da iska suka saɓa, sai dai ka tara hotunan bindi. Tsakar rana kuwa ɓata lokaci ne, domin haske daga sama yake dukan bayan tsuntsu, ƙarƙashin fiffike ya zama baƙi ƙirin. Haka nan idan sama ta yi fari, kyamara kan ruɗe ta rage haske, sai mai ita ya ƙara da hannunsa.

Na uku, bin tsuntsu da jiki gaba ɗaya. A ware ƙafafu, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a juya daga ƙugu, a kama shi tun yana nesa, a ci gaba da binsa ko bayan an saki maɓalli. Wata alama da masu kiwon tantabara suka sani: tsuntsun da ke zaune, idan ya yi kashi ya duƙa, tashi zai yi.

Batun kaya kuwa, ana son gilashi mai jawo nesa na milimita 400 ko kusa da haka. Daga wajen 2020 kamfanoni irin su Canon da Sony da Olympus suka fito da kyamarori masu gane tsuntsu da kansu, su liƙe wa idonsa duk inda ya juya, wasu ma suna adana hotunan da suka gabaci danna maɓalli. Wannan ci gaba ya sa masu hali sun zubar da tsofaffin kyamarorinsu, kasuwar na hannu ta yi araha, kuma da su aka ɗauki yawancin hotunan da duniya ta yi ta yabawa shekaru 15 da suka wuce. Wayar hannu kam ba ta kai nan ba, sai dai ga garke.

Tsattsewar bututun hayaƙi

Garken da ya fi kowanne ban mamaki kuwa a tsakiyar gari yake, ba a bakin tafki ba. Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, gab da kiran sallar magariba, wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka, dangin tsattsewa, kan taru ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a saman dogayen bututun hayaƙi na bulo da ke jikin tsofaffin makarantu da majami'u. Sai su yi ta kewaya bakin bututun kamar guguwa, can sai ɗaya ta faɗa, sauran su biyo, kamar hayaƙi ne ke komawa inda ya fito. Cikin 'yan mintoci sama ta zama wayam.

Wannan tsuntsuwa ba ta iya zama a kan reshe ko waya. A sama take cin ƙwari, a sama take shan ruwa ta hanyar shafar fuskar tafki, idan za ta huta sai dai ta maƙale a bango a tsaye. Sheƙarta 'yan ƙirare ne da take liƙawa da yawunta. A da cikin kogon manyan itatuwa take kwana; da aka sare su ta koma bututun gidaje. An daɗe ba a san inda take zuwa da hunturu ba, sai a 1944 da aka dawo da zobban ƙafa 13 daga dajin Peru, waɗanda aka sa wa tsuntsayen a Arewacin Amurka. Yanzu kuma tsofaffin bututun ana rushe su, ko a toshe bakinsu, ko a sa musu ƙarfe mai santsi a ciki wanda farcenta ba ya kamawa, ga ƙwarin da take ci sun ragu. Yawanta ya faɗi da fiye da rabi tun daga ƙarshen shekarun 1960. Ɗan'uwan da ya sayi tsohon gida, ya ji kuka cikin bututun murhu a watan Yuli, ba aljanu ba ne. 'Ya'yanta ne ke neman abinci, kuma cikin 'yan makonni za su tashi. Doka ta hana a taɓa su, sharar bututu sai a jira sun tafi.

Ɗaukarta ɗaya tilo a sama shi ne jarrabawar ƙarshe, domin ba ta tafiya a miƙe, ga duhu na shigowa. Dabarar ita ce a bar bin ɗaya, a saita kyamara a bakin bututun, a fuskanci yamma inda sama ke da sauran ja, a ɗauki garken a matsayin inuwa. Nan ne ma wayar hannu ke da rana, musamman idan aka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya.

Irin wannan hoto ba na ratayewa a falo ba ne kawai. Wani binciken da mujallar Science ta buga a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan uku tun 1970, kuma wani ɓangare mai yawa na alƙaluman daga ƙidayar 'yan sa-kai ya fito. Manhajar eBird ta Jami'ar Cornell, wadda ta fara aiki a 2002, tana karɓar rahoto da hoto daga kowa kyauta, da rana da wuri. Hoton bututun da tsattsewa dubu ke kwana a ciki hujja ce da za a iya ajiyewa gaban masu shirin rushe gini. A birnin akwai ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Piedmont, wadda ta samo asali tun 1938, kuma fita tare da irinsu ya fi wa baƙo sauƙi da kwanciyar hankali fiye da yawo shi kaɗai da doguwar kyamara a unguwar da ba a san shi ba.

Idan an je gida

Akwai wata 'yar gida da ta riga mu zuwa wannan nahiya. Balbela da kanta ta ƙetaro tekun Atlantika daga Afirka, aka fara ganinta a Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, zuwa 1953 tana ƙwai a Florida. A jiharmu ta fi yawa wajen bakin teku, tana bin shanu kamar yadda take yi a Dambatta, ba biza ba fasfo.

Can gida kuwa, wanda ya je hutu kwanan nan ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga ungulu a kwata. A da ba a iya ƙirga su a kan rufin mahauta. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta a kasuwar magani. Gauraka ma, mai tukku kamar na 'yar sarki, ta yi wuyar gani a Najeriya. Yaran da aka haifa a Kano bayan 2000, da yawansu a karin magana kawai suka san su.

Wanda hannunsa ya faɗa a bakin Townsend, to dausayin Haɗeja da Nguru na jiransa, musamman mafakar tsuntsaye ta Dagona a jihar Yobe, wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu agwagi da tsuntsayen bakin ruwa da suka ƙetaro hamada daga Turai kan cika wurin, har da shahon kifi, irin dai wanda ya sani a Greensboro. Sai dai ya tanadi ƙyallen rufe kyamara saboda ƙurar hunturu, ya kuma bincika halin hanya kafin ya kama ta. Mai son shamuwa kuwa sai ya ɗaga tafiyarsa zuwa watan Mayu ko Yuni, lokacin da take dawowa kan kukoki da tsamiyoyin ƙauye gab da faɗuwar damina.